Hular Ulu a Watan Zafi

A tashar motar Kwoi da ke Kafanchan, Malama Zipora tana jiran mota ta cika, ɗanta a cinya. Kusa da ita wata dattijuwa ce zaune, sanye da koɗaɗɗen zanen zumuntar mata, kwarashin saƙa yana ta rawa a yatsunta. Ana tsakiyar zafin Maris, amma hular ulu mai kauri take saƙawa.

"Mama, hular sanyi a wannan zafin?" in ji Zipora.

"Ta jikana ce, 'yata, in sun kawo shi gida Kirsimeti. Da damina zan saƙa masa rigar. Yana Fatakwal, a waya kawai na san shi. Kamar sa'an yaronki ne, bari in gwada."

Ta ɗora wa yaron hular, ta ƙi shiga. Hannunta ya daɗe a kansa, tana shafa gashinsa.

Zipora tana tunanin ƙananan hulunan da wataƙila ke jibge a akwatin matar, amma ba ta tambaya ba.

"Ashe ya girma haka," in ji dattijuwar a hankali, ta fara warware zaren.