Kankanar da Muka Ajiye a Wurin Fuskar Kawu

A cikin ledar burodi littafin ya shigo gidanmu. Kawuna, ƙanen Umma, shi ya kawo shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Direba ne a wani gida a unguwar Abhur a nan Jidda, sau ɗaya a mako yake zuwa mana unguwarmu, Mahjar. Ya ce a haraj, kasuwar gwanjo, ya tsince shi, cikin tulin tsofaffin mujallu.

"Ke da ba kya hira sai da takarda," ya ce da ni, "ga aboki na kawo miki. Ki karanta mini shafin da na naɗe."

Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, kuma ni kaɗai ce mai karanta Turanci a gidan. Fotokwafi ne aka huda gefensa aka ɗaure da zare. Babu sunan marubuci, babu na maɗaba'a. Wai yana koyar da yadda mutum zai rayu in duniya ta hargitse, ba kanti ba lantarki. Shafin da Kawu ya naɗe na bindigar kifi ne, irin wadda roba ke harba mashi a cikin ruwa. Ya daɗe yana ganin 'ya'yan maigidansa suna fitowa daga teku da ta kanti, shi kuma yana zaune a mota yana jiransu.

Mako guda na yi ina bin littafin da fensir. Rubutu ya ambaci sassa biyu, zane ya nuna uku. Zanen da ke shafin bindigar kifin na sake ganinsa a babin tarkon zomo, juya shi kawai aka yi. Akwai babi guda a kan kwana cikin ƙanƙara, na karanta shi sau biyu ina gumi a gaban fanka. Na bi shafi-shafi ina neman inda marubucin ya ce shi da kansa ya gwada abin, ban samu ba. Bai kuma faɗi inda roba za ta nufa in ta tsinke ba. Na yi ta tunanin mutumin nan. A ina yake zaune? Ya taɓa shiga teku kuwa, ko daga wani littafin ya kwafo, shi ma wancan daga wani?

Da Juma'a ta zagayo sai ga Kawu da bindigar kifin a hannu. Ashe bai jira ni ba, zanen ya ɗauka a waya ya bi ya haɗa ta da kansa. A but ɗin mota yake ɓoye ta kada maigida ya gani, robar ma tun kafin ya sami littafin take kwance a can. Wanda ya san but ɗin mota a Jidda da azahar ya san tanda ne. Na shafa robar da yatsa, na ji ta yi tsaga-tsaga kamar faso.

Umma ba ta ɓoye nata ba.

"In ka rasa ido wa zai ba ka sitiyari? Kafili, maigidan nan naka, ba ya riƙe direba mai ido ɗaya, iƙamarka ta zaman ƙasa kuma a hannunsa take."

"Yaya, halas, ya isa haka. Kifi zan kawo miki gobe, ki tanadi mai."

Ni kuwa shafi uku na kurakurai ke cikin jakata, amma ban iya buɗe baki na ce wa ƙanen mahaifiyata aikinsa bai yi ba. Da ƙyar na ce, ina kallon tabarma:

"Kawu, mu a makaranta ba a yarda da abu sai an gwada shi."

"To, malama, yalla. Gwada mu gani."

Muka hau saman bene. Na sa ya ɗaure abin a jikin kujerar ƙarfe, ba tare da mashin ba. Na tambaye shi daidai inda fuskarsa take kasancewa in yana ɗana ta, ya nuna mini. Na kife bokiti a wurin, na ɗora kankanar da Umma ta saya don bayan la'asar.

"Ni ke nan?" ya ce. "Ko hula ba ki sa mini ba."

Muka ɗaura doguwar igiyar shanya a jikin robar, muka koma bayan ƙofar bene. Kawu ya fara ja a hankali, ni ina leƙe ta kafar ƙofa. Ko rabin inda ya kamata bai kai ba na ji tas. Robar ta tsinke, guntun ƙarfen da ke bakinta ya dawo baya.

Da muka fito, kankanar tana nan a kan bokiti, sai dai ta sami rami mai zurfin gaɓar yatsa, jan ruwa yana gangarowa. Na durƙusa na duba. Sama kaɗan da tsakiya, ta ɓangaren dama. Kawu ya daɗe a tsaye. Sai na ga ya kai hannu ya shafa girarsa ta dama.

"Me littafin ya ce a kan wannan?"

"Bai ce komai ba, Kawu."

"Ko layi ɗaya?"

Na girgiza kai. Na fito da shafukana uku na miƙa masa. Bai karanta ba, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Umma ta yanke inda ƙarfen ya shiga ta zubar, ta raba mana sauran. Kawu ya ci yanka biyu, sannan ya tambaye ta nawa ake sayar da ƙugiya da zare yanzu. Har yau shi ne direban gidan nan na Abhur. Littafin yana wurina, da alamun fensir ɗina a kowane shafi. Wani lokaci nakan ɗauko shi in sake karanta babin ƙanƙarar, in tambayi kaina mutum nawa suka saye shi a wasu garuruwan, ba su da kankana a kusa.