Farantin Hajiya a Gaban Malam

A gidanmu da ke Bulabulin komai yana da wurinsa da lokacinsa. Ban yi karatu mai nisa ba, a firamare na tsaya, amma na san cewa aikin da aka faro daga farkonsa ba ya wahalar da mutum a ƙarshensa. Saboda wannan hali ne maƙwabciyata Hajiya, wadda katanga ɗaya ta raba mu, take kirana Sajan. Ban taɓa amsawa da fara'a ba, ita kuma ba ta taɓa dainawa ba.

A shekarar da nake magana, azumi ya faɗo a tsakiyar zafi. Ana gab da ganin wata, maigidana, wanda nake kira Malam, ya dawo daga asibiti da ƙunshin magani a aljihu. Tela ne, yana wuni a zaune gaban keke, kuma ya jima yana fama da ciwon kai da safe. Likita ya ce jininsa ya hau, kitse kuma ya yi yawa a jikinsa. A sha magani, a rage mai, a rage gishiri, a yawaita ganye. Da ya gama faɗa mini sai ya kafa sharaɗi.

"Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan," in ji shi. "Ba na so a riƙa tare ni a hanya ana yi mini sannu."

Na ce to. Ni kuwa idan na ce to, shi ke nan.

Na zauna na bi abincin buɗa-bakinmu ɗaya bayan ɗaya. Kunun gyaɗa na rage masa sukari. Ƙosai na mayar da shi alala. Ardeb, wato jiƙon tsamiya da muke sha, na bar shi yadda yake. Da na iso kan salak sai na tsaya, domin a nan matsalar take. A layinmu salak ɗin azumi abin nuna isa ne. Ana yanka ganyen salak da kabeji da karas da kokwamba, a jera dafaffen ƙwai da waken gwangwani, sannan a juye kirim ɗin kwalba a kai har ganyen ya ɓace. Gidan da farantinsa ya fi fari, shi ake yi wa kallon gidan wadata. Na ɗauki kwalbar kirim ɗinmu na ɗora ta can saman kabad. Ranar farko ta azumi na matsa lemon tsami a kan ganyen, na barbaɗa ɗan gishiri, na rufe.

Mazan layinmu ba sa shan ruwa a cikin gida. Ciyayya suke yi. Akwai tabarma da ake shimfiɗawa ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban masallaci, in an idar da sallar magariba kowane magidanci ya fito da tirensa, a zauna a ci tare. Malam ya ɗauki nasa ya fita. Da tiren ya dawo, alala ta ƙare, kunu ya ƙare, salak kuwa an ɗan tsakuri gefensa an bar shi ya yi laushi cikin ruwan lemo.

Washegari ma haka. Na ɗauka Malam ne yake yi mini yajin aiki.

"Malam, likita ya ce ganye."

"Ina ci," ya ce. "Wallahi kullum sai na ci ganye har na ƙoshi."

Malam ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Amma ga faranti a gabana bai ragu ba, ga shi kuma da safe yana dafe kai kafin ya tafi shago. Na rasa yadda zan haɗa maganarsa da abin da idona yake gani.

Hajiya ce ta warware mini, ba tare da ta sani ba. Wata rana da la'asar ina tsinke ganye a tsakar gida, sai ta taka turmi ta leƙo ta kan katanga, kamar yadda ta saba, ta yi mini irin gaisuwar garinmu.

"Wushe, Sajan! Ana ta fareti?"

"Wushe, Hajiya. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ke, wai me kika yi wa Alhajina? Ya ce tun da aka fara azumi abincin akuya kike aiko masa. Kirim ya yi tsada ne, in sam miki?"

Na ɗago kai. "Alhaji ke cin salak ɗina?"

"To wa zai ci? Shi kuwa Malam ɗinki, Allah Ya yi masa albarka, ba ya bar mini ko ganye ɗaya. Jiya sai da na ƙara rabin kwalba saboda shi."

Na ce mata Allah Ya saka da alheri. Ta sauka daga turminta, ni kuma na ci gaba da tsinke ganye.

Da Malam ya shigo bayan sun gama ci, na bari ya zauna, na ba shi ruwa da maganinsa, sannan na tambaye shi farantin wa yake ci a tabarma. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina gabas take.

"Na Alhaji mana. Shi ke kusa da ni. In ka ajiye tirenka, gaban na kusa da kai kake turawa, shi ma ya turo maka nasa. Wa zai zauna ya rungume abincin gidansa? Ai sai a ce kana ƙyamar na mutane, ko kuwa naka ya fi ƙarfin bakinsu."

"To kirim ɗin fa?"

"Likita ya ce in ci ganye. Ƙosan Hajiya guda ɗaya nake ɗauka, naman ma ina kaucewa. Ganyen ne nake dagewa a kansa."

Tun ina yarinya nake ganin ana fita da tire ana dawowa da shi. Mahaifina ya yi ciyayya, yayyena sun yi. Amma mace ba ta zama a tabarmar nan, iyakarta bakin zaure. Shekara da shekaru ina girki da tunanin bakin Malam, ashe Alhaji nake ciyarwa, Hajiya kuma tana ciyar mini da miji.

Na auna abin da zan iya yi. In ce Malam ya dawo cin abinci a gida, wannan ba zai yiwu ba. Mutumin da ya janye daga tabarma, ko dai ya yi faɗa da wani ko kuwa ciwo ya kwantar da shi, kuma duk biyun za a tambaya. In je in gaya wa Hajiya gaskiya, na riga na ce to. Abin da ya rage shi ne Hajiya ta ajiye kwalbarta da kanta. Hajiya kuwa ba ta karɓar shawara, balle daga wurina. Abu ɗaya na sani game da ita: ba za ta jure a yabi girkin wata a gaban mijinta ba. Saboda haka aikina ya fito fili. Tunda Alhaji ne mai cin farantina, sai in yi salak marar nauyi wanda Alhaji zai yaba.

Na fara da abin da na gada. Mahaifiyata tana kwaɗon zogale da rama da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji, ba wanda ya taɓa ce masa abincin akuya. Na gwada haka a kan ganyen salak. An ci fiye da na lemo, amma Malam ya kawo rahoto cewa Alhaji ya ce kwaɗo daban, salak daban, kuma salak ɗin da ba fari a kansa bai gama shiri ba. Daga nan na gane cewa ido ne ke fara ci.

Farin da ba na kwalba ba, ina za a same shi? Akwai wata Bashuwa da ke ratsa layinmu da ƙwaryar nono kowace safiya. Na tsayar da ita na sayi kindirmo, na ce wanda ba a tsinka da ruwa ba. Da na zuba shi haka nan a kan ganye, sai ya tsinke ya kwanta a ƙasan faranti. Kashegari na juye shi a farin ƙyalle mai tsabta, na ɗaure bakin, na rataye a inuwa da kwano a ƙarƙashi, na riƙa yayyafa wa ƙyallen ruwan randa saboda zafi. Kafin la'asar ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage ya yi kauri, cokali yana tsayawa a ciki.

Wahalar ita ce mai azumi ba ya ɗanɗana girki yadda yake so. Sai na riƙa ɗibar kaɗan ina ajiyewa, in na sha ruwa in ɗanɗana, abin da ya gaza in gyara shi gobe. Yau tafarnuwa ta yi yawa. Gobe tsamin lemo ya haɗu da na nono ya yi kaifi, sai na daka dabino ɗaya na saka, ya daidaita. Bayan nan na gane cewa abin da baki yake nema a kirim shi ne gardi, sai na soya riɗi ba mai, na daka shi da masoro da 'yar citta, na zuba. Ƙuli-ƙuli kuma na mayar da shi abin barbaɗawa a sama, kaɗan, don a ji ƙaras-ƙaras. Gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Na kuma koyi cewa dole ganyen ya tsane sarai bayan wanki, kuma ba a haɗa shi da nonon sai ladan ya ɗaga murya, in ba haka ba ya yi yaushi kafin a kai tabarma.

Wajen tsakiyar wata tire ya dawo, na buɗe farantin salak na tarar da shi kamar an wanke. Na ajiye shi gefe. Malam ne ya yi magana yana cire hula.

"Yau Alhaji har da suɗe yatsa. Liman ma ya miƙo hannu. Ana ta tambaya wace kwalba ce wannan."

"Me ka ce musu?"

"Na ce ban san sirrin kicin ba."

Na ci gaba da yi kullum, ban canja komai ba. Na kuma daina zama kusa da katanga, don kada a ce ina jira.

Hajiya ba ta leƙo ta kan turmi ba. Ta ƙofa ta shigo, da mayafinta, da sallama cikakkiya. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta yi maganar zafi, ta yi maganar wutar lantarki da tsadar ƙanƙara, sannan ta gyara murya.

"Sajan, kin hana ni sakat a gidana. Mutumin nan da safe salak ɗin gidan Malam, da yamma salak ɗin gidan Malam. A wane kanti kike sayen kirim ɗin?"

Na nuna mata ƙyallen da ke rataye yana ɗiga.

"Nono? Nonon Shuwa? Ke dai akwai ƙeta. Ni ina can ina zuba kwalba, ke kina nan kina cin gasa da abin fura."

"In kina so ki koya, sai ki wanke hannu," na ce. "Kuma daga farko za mu fara."

"Na shiga bariki," in ji ta, amma ta tashi ta wanke.

Na bi da ita daki-daki. Tana so ta tsallake tsane ganye, na hana. Tana so ta soya riɗin da mai, na janye kwalbar man. Ta ce ko a ɗan ƙara kirim cokali ɗaya don albarka, na ce in ta ƙara, Alhaji zai gane ba irinsa ba ne. Sai ta haƙura. Da muka zo kan gishiri na miƙa mata robar, ina shirin faɗa mata iya abin da za ta ɗiba. Ta riga ni. Ta sa yatsa biyu ta ɗauko ɗan kaɗan, ta tsaya da hannunta a kan kwanon.

"Haka ya isa, ko?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko a alalar ma in rage? Na ga kwana biyu ƙosai yana dawo mini, sai na ce gobe alala zan yi."

Na dube ta. Ita kuwa kwanon take kallo. Ban san ko Alhaji ne ya lura da yadda Malam yake kauce wa nama ba, ko ita ce ta karanta tirenta kamar yadda nake karanta nawa. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

"A rage," na ce.

Ta barbaɗa, ta juya, ta kakkaɓe hannu. "To, Sajan, an sallame ni?"

Daga ranar Bashuwar nan ta riƙa tsayawa a ƙofa biyu. Ƙyalle ya bayyana a igiyar shanyar Hajiya, ina hango shi ta saman katanga. Ba ta bi tsarina sak ba, ta fi ni sakin hannu da tafarnuwa, wata rana kuma da ruwan tsamiya take yi maimakon lemo, kuma dole in faɗi gaskiya, na tsamiyar ya yi daɗi. Malam ya ci gaba da tura tirensa gaban Alhaji yana jawo na Alhaji gabansa, yana cin ganye har ya ƙoshi. Ba wanda ya yi masa sannu a hanya.

Bayan salla ya koma asibiti. Likita ya ce jinin ya fara sauka, a ci gaba da magani, a ci gaba da abin da ake yi. Da ya dawo ya faɗa mini a ɗaki, ya ƙara da cewa ai dama ya gaya mini yana bin dokar likita tun ranar farko. Na ce haka ne, Malam. Sannan na tashi na sauke kwalbar nan daga saman kabad, na zubar da abin da ke ciki, na wanke ta, na shanya. Da ta bushe na cika ta da soyayyen riɗi, na miƙa wa Hajiya ta kan katanga.