Baffa Yahaya ya rasu, an shafa wa Samha baƙin mai

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kan tarakta a Gedambaliya aka kira ni: Baffa Yahaya ya rasu.

Ashe ya daɗe kwance a asibiti a Gadarif, babu wanda ya ga ya dace ya gaya mini. Sai da aka zo neman masu ɗaukar makara aka tuna da lambata.

Ga wanda bai san shi ba, dattijo ne da ya yi aikin baitari, wato duba dabbobi, har ya yi ritaya. Waɗanda suka san shi kuwa Abul Kilab suke ce masa, uban karnuka. Na sha ganin mutum ya gaisa da shi ya juya ya goge hannu a jallabiya. Yau ga hotonsa a Fesbuk a shafin wasunsu, har da "babban rashi". Allah ya shirye mu.

Ni kare ne ya haɗa ni da shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ina da karya a kambon gona, inda ma'aikata ke kwana, sunanta Samha. Ita ke gadin riɗi in an yanke an jingine. Wata damina gashinta ya fara zuba daga gindin wutsiya, ƙuraje suka feso, tana susa har jini. 'Yan kambo suka ce jarab ne, ƙazuwa. Kun dai san mu: duk dabbar da ta yi susa jarab ne, maganin jarab kuwa baƙin man tarakta. Har an tsiyayo shi a gwangwani.

Ranar Baffa ya zo duba awakin mai gona, ya ga gwangwanin. Ya tsuguna, ya buɗa ɗan gashin da ya rage mata, ya nuna mini wani baƙin gari kamar dakakken masoro.

Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wannan kashin ƙuma ne. Ba jarab ba ne, hasasiyya ce. Jikinta ne ba ya shiri da cizon ƙuma. Wani karen ɗari za su cije shi ya yi barcinsa, ita ɗaya ta ishe ta."

Ya ce wani karen abincin da ake ba shi ne jikinsa ya ƙi, wani ƙurar sussuka, wani buhun maganin feshi da yake kwana a kai. "Ku bar raɗa wa kowane ciwo suna ɗaya. Man nan ƙona fata yake, in ta lasa kuma guba ne."

Da ya ga kambo ƙuma ta yi masa yawa, ya ɗora ta a mota ya tafi da ita gidansa. Wanka, magani, shimfiɗa mai tsabta. Kafin kaka gashi ya dawo, har tana sheƙi. Can ta zauna abinta. Duk shigowata gari sai ya dafa mini shayi da hannunsa, ya ce, "Idi, je ka gai da 'yarka tukuna."

Ganina da shi na ƙarshe a kasuwar hatsi ne. Ya rame. Ya riƙe hannuna ya ce, "In na kwanta, Samha amanarka ce. 'Ya'yana mutanen kirki ne, amma a kan kare ba sa jin magana."

Na yi dariya na ce, "Haba Baffa, ai kai za ka binne mu."

Yau daga maƙabarta muka wuce gidan. Ban ji haushinta ba. A bayan katanga na same ta ɗaure, an shafe ta da baƙin mai, baƙa ƙirin daga wuya har wutsiya, tana warin gareji. Tun da ya kwanta ba wanda ya kula da maganinta, ƙuma ta dawo, ƙuraje suka dawo.

Babban ɗansa ya biyo ni ya ce, "Malesh, yi haƙuri ya Idi, jarab ne ya kama ta. Yara muka ji wa tsoro."

Jarab. A gidan Baffa Yahaya. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa wa baƙi wannan magana, ashe ko ƙofar ɗakinsa ba ta tsallake ba. Wallahi wannan ya fi mutuwar yi mini ciwo.

Na nemi sabulu da ruwan ɗumi na wanke ta a ƙofar gida, masu zaman makoki na kallo. Wani dattijo ya ce, "Yau ma kare? Zo mu yi fatiha." Na ce ina zuwa. Sauran maganar na haɗiye, saboda ba ranarta ba ce.

Tana wurina yanzu. Fatar bayanta ta saɓule, tana ta amai, ko ruwa ta ƙi sha. Ban sani ba ko za ta kai gobe. Wanda zan kira in tambaya shi muka binne ɗazu.

Ya Allah ka jiƙan Baffa Yahaya. Ka ji tausayinsa kamar yadda ya ji tausayin halittarka da ba ta da bakin kai ƙara. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ni ma ka ba ni.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In kuma ba zai yi muku nauyi a baki ba, ku sa Samha a ciki. Da shi ne, da ya sa ta.