Mutumin da Ya Ƙi Zarcewa a Hayyin Ashir

Shekara uku ke nan da muka binne Malam Habibu a nan Alƙahira, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɓoye mana. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a unguwar Hayyin Ashir, mota ɗaya muke bi zuwa karatu a unguwar Darrasa. Kyawawan halayensa masu ta'aziyya sun riga sun faɗa. Ni wani abu ne da ya yi a 2011 ya dawo ya tsaya mini a rai a wannan mako.

Fiƙihu aka turo shi ya karanta, amma duk ranar da babu darasi sai ya nufi masu tsofaffin littattafai kusa da kasuwar Ataba, ya dawo da fassarar Larabci ta marubutan Italiya na shekaru ɗari biyar baya, zamanin da kowane birni ke cin gashin kansa. Har muka laƙaba masa Baturen Funtuwa, da sunan garinsu. Yakan ce tambaya ɗaya ta dami mutanen nan: me ke kashe garin da jama'a ke mulkin kansu ba tare da sarki ba? A fahimtarsa, ba maƙiyi ke kashe shi ba. Yaƙi ne zai taso, a tsorata, a ce wa jarumin da ke riƙe da runduna ya ƙara shekara. Daga nan sojoji su saba da fuskarsa, su manta da gari. Mu kuwa sai mu ce ya fara zuba mana shayi tukuna.

Muna da 'yar ƙungiya ta Hausawan unguwa, ɗalibai da 'yan kasuwa, mai nema wa baƙo masauki da sabunta masa takardar zama. Shekara biyu shugabanta ke yi. Wa'adin shugabancin Habibu ya cika daidai lokacin da gari ya yamutse da juyin juya halin 2011, 'yan sanda suka ɓace daga titi, matasa suka tare bakin kowane layi da sanduna. Shi ya san wanda za a kira, shi maƙwabtanmu Misirawa suka yarda da shi. Dattawa suka zo, Alhaji Isa, ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, yana gaba. A wurinmu, in manya suka tako har ɗakinka sau uku, ba ka da ta cewa.

"Ɗana, ka riƙe mana har ƙura ta lafa," in ji Alhaji a zuwa na uku.

"Baba, ma'alish, yi haƙuri," in ji Habibu. "In na zauna saboda wannan ƙurar, wanda zai zo bayana ba zai rasa tasa ba."

Alhaji bai sake yi masa magana ba sai da Habibu ya kwanta a gadon asibiti.

Aka yi zaɓe, aka ɗora wani bawan Allah mai kirki wanda bai san ƙofar ofis ko ɗaya ba. Habibu ya taimaka iya inda aka ba shi dama. Duk da haka takardun wasu ɗalibai suka mutu, cikinsu har da na ƙanena Nura, wanda ya koma gida bai gama karatu ba. Yau taki yake sayarwa. Habibu ya raka shi filin jirgi, bai ba da haƙuri ba, bai kuma kare kansa ba. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma har yau ban iya cewa ya yi daidai ba.

Da zai leƙo yanzu, ban tsammanin zai yi mamaki. Ƙasar nan ta sauya shugabanni tun bayan saukarsa, kowa da dalilinsa mai kyau na cewa lokacin sauka bai yi ba. Da ya ɗaga gira, ya ce ai an rubuta wannan tuntuni, mu ne ba ma karatu.

Kujerar tasa kuwa yanzu ni ke kai, wa'adina kuma zai cika ranar Juma'a. Binciken 'yan sanda ya tsananta a hanya, takardar zama ta yi wuya. Alhaji Isa ya zo mini sau biyu kan in zarce. Wanda ake ganin zai ci, Bashir, yaro ne mai kaifin baki da gajen haƙuri. Na fi shi sanin aikin nan, ba yabon kai ba. Sai yanzu na gane cewa yawancin waɗanda suka zarce ba ƙarya suka yi ba da suka ce sun fi kowa iyawa.

Littattafansa sun watse a hannun masu aro, hujjojinsa ma rabi na manta. Abin da ya rage shi ne, tun daga kansa ba wanda ya ƙara ko wata ɗaya a kujerar nan.

Jiya na je shagon Alhaji a Ataba, don kada in bari ya yi zuwa na uku. Na ce ba zan tsaya ba. Sai ya tambaye ni:

"To, in wani ɗan ya koma gida kamar Nura fa?"

Na ce, "Wallahi Baba, ba ni da amsa."

Ranar Juma'a wani zan zaɓa, ba Bashir ba. Bashir zai ci, ni kuma in tashi in ba shi wuri.