Ƙafar Baba ta Hagu

Ban taɓa marin namiji ba sai ranar da na mari likitan ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kusa da Kagoma. Har yau ban yi nadama ba.

Baba manomin citta ne, dattijo a coci, ga shi da ciwon suga. Duk wata nake tare mai mashin in raka shi asibitin. Ladabinsa har ya yi yawa. Yadda yake cire takalmi a ƙofar hakimi, haka yake cirewa a ƙofar likita, ya shiga yana sunkuye. Likitan kuwa sai ya huda masa yatsa, ya kalli na'ura, ya rubuta magani, ya ce a turo na gaba. Ƙafafun nan na gabansa ba takalmi, amma bai taɓa kai idonsa ƙasa ba.

Lokacin tonon citta fartanya ta sari Baba a tafin ƙafar hagu. Bai ji ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jijiyoyin wurin. Ya zura takalmin roba ya ci gaba da aiki. Wari ne ya tona asiri. Da na zare takalmin, fatar babban yatsan ta biyo shi, naman ya yi baƙi ƙirin yana tsiyaya. Nan na yi amai a tsakar gida.

A babban asibitin Kafanchan, likitar da ta karɓe mu ta dube ni ta ce, "Ba sa duba masa ƙafa? Ai ƙa'ida ce, mai suga in ya zo a duba ƙafarsa, a taɓa a ga ko yana ji." Sai ta ce dole a yanke daga ƙasan gwiwa.

Baba ya yi kukan kura zai diro daga gado. Ya shure ma'aikaciyar jinya, ya fizge allurar ruwan da ke hannunsa, jini ya fantsama a bango. Ni da ƙannena maza muka danne shi, ya gantsara mini cizo a dantse har haƙoransa suka nutse. Haka aka tura shi ɗakin tiyata yana tsine mana.

Daga can ban biya gida ba. Na ratsa layin marasa lafiya, na banke ƙofar likitan ƙauyen, na caƙumi wuyan rigarsa. Ya ce, "Madam, ni kaɗai ne a nan, kin ga layi. Kuma Baba bai taɓa cewa ƙafarsa na ciwo ba."

Na ce, "Ta yaya zai ce, alhali ba ya jin ta? Kai ba ka sani ba?"

Ya sani. A fuskarsa na gani, shi ya sa na kwaɗa masa mari har tabarau ɗinsa ya faɗi ya fashe. Da ƙyar matan layi suka ɓamɓare ni.

Da aka sallamo Baba, labarin ya riga shi isa gida. Ya kira ni, na durƙusa a gabansa ina jiran ya sa mini albarka. Sai jin sandarsa na yi a gadon bayana, ya sake ɗagawa ya maka mini, hawaye na zuba masa.

Ya ce, "Gobe za ki kai ni in roƙe shi. Ƙafa ɗaya ta rage mini, kuma babu wani likita a garin nan."