Sunan da aka goge a allo

Daren jiya na yi wani mafarki. Ga wanda bai san ni ba: mijina, Malam, malamin firamare ne. Ranar zaɓe aka ba shi tsaron akwati, 'yan daba suka ce ya miƙa, ya ƙi, suka kashe shi. Na yi ta zaryar kotun jiha har aka ɗaure tsohon ciyaman ɗin da ya turo su. Makon jiya gwamna ya yi masa afuwa, aka kai shi gida da kiɗa.

A mafarkin ina cikin kotu, amma kotun ajin Malam ce, da ƙananan bencina. Babu alƙali. A allo an rubuta sunaye biyu da alli, na ciyaman a sama, na Malam a ƙasa. Sai kawai ga Malam a bencin gaba, sanye da farin kaftaninsa da na goge masa a safiyar ranar zaɓen, ya rungume akwatin kamar jariri. Na yi murna har na fara yi masa faɗa, wai ina ya shiga bai ko karya ba. Bai waigo ba.

Sai kawai gwamna ya shigo riƙe da tsumma, ya goge sunan ciyaman. Hannun rigarsa ya shafi na ƙasa, sunan Malam ma ya goge, gwamna bai ma lura ba. Ana ta tafi a waje. Na nemi alli in mayar da sunan, duk wanda na ɗauka sai ya zama gari a hannuna.

Nan Malam ya juyo ya ce, "Hadiza, ke kika yafe?"

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya jira, ya jira, sannan ya ajiye akwatin a cinyata ya fita. Na farka ana kiran sallar asuba, hannuwana a naɗe kamar ina riƙe da shi, ina kuka.

Ranar Asabar dattawan unguwa za su kawo ciyaman gidanmu neman yafiya. Kawuna ya ce tunda hukuma ta yafe, in bar wa Allah. Ni kuwa wallahi zuciyata ba ta sauko ba.

Don Allah masu sani, ku fassara mini. Da ya ba ni akwatin nan, cewa yake in ci gaba da riƙewa, ko shi ma ya gaji ne?