Esin Ɗakin Mai Takaba

Maigidana na wurin aiki ya san akwai mace a shagonsa, ya kuma san mace ake buƙata a gidan marigayi Alhaji Manu na Aliero, amma ya yi shiru ya tura maza. Ƙorafina ke nan. Na faɗa masa ido da ido, yau kuma ina faɗa muku, ku da kuka shigo aikin nan a bayana, domin ranar ta ƙi fita daga kaina.

Da girmana na shiga sana'ar. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga ajin manya na koyi karatu, daga nan na je shagon Malam Umaru a Jega, mai gyaran firji da esi, na ce a koya mini. Ya yi dariya ya miƙo mini tsintsiya. Na yi shara har ya gaji ya miƙo sukudireba. A shagon akwai maigida, sai Sani babban ma'aikaci mai walda da ɗura gas, sai mu masu wanki a ƙasa. Malam Umaru ya kafa mini doka: aikina cikin Jega kawai. Ya ce ba zai sa matar mutane a mota zuwa Aliero ko Maiyama a riƙa yi da shagonsa ba. Mijina da kansa ya je ya ce ya yarda. Bai saurara ba.

Ga wanda bai san aikin ba, esi kashi biyu ne, na cikin ɗaki da na waje. Kowanne yana da abin da muke kira koyil, wato siraran bututu masu haƙora jere kamar na mataji. Na ciki yana tsotse zafin ɗaki, na waje yana zubar da shi. Idan datti ya toshe haƙoran, iska ba ta wucewa, inji ya yi ta gurnani ba sanyi. Mutane su ce gas ya ƙare. Sau da yawa ba gas ba ne, wanka yake so.

Cikin bazara ne, bayan an cire albasa, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi. Ranar kasuwar Jega ina bayan shago ina wanke wani esi, sai wata mata ta leƙo. Ta tsaya tana kallon hannuna.

"Baiwar Allah, ke ka wannan aiki?"

Na ce ni ce.

Sai ta dafe ƙirji. "Ashe akwai mace nan? Ashe akwai mace, anka bar mu?"

Hadiza sunanta, ɗiyar marigayin. Ta ce mahaifiyarta Hajiya Kulu tana takaba, ga hawan jini, ga ƙafafu sun kumbura ba ta iya tashi. Ɗakinta rufin kwano ne. Ɗanta ya sa mata esi da sola tun Alhaji na da rai, amma tun shigowar zafi ya daina sanyi. Hajiya kuwa ta rantse ba namijin da zai taka sashenta sai ta fita takaba, kuma ba za a ɗauke ta daga ɗakin da mijinta ya bar ta ba. Sun kira shagonmu, aka tura Sani da wani. Suka tsaya a zaure suna tambaya ta bakin ƙofa, suka ce gas ne, a bari sai an fita takaba.

Malam Umaru ya tafi Birnin Kebbi sayen kaya. Na juya na dubi Sani.

"Da gaske ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Asabe, Oga ya ce kada a gaya miki, don ya san za ki ce sai kin je."

"To ya sani daidai."

Na goya famfon feshina, irin na feshin gona, na ɗauki burushi da leda da garin sabulu, muka shiga motar Aliero.

Na fara da na waje. Yana bayan ɗakin Hajiya, a tsakar gidan mata, inda suke zama suna tsintar albasa. Da farko ban ma gan shi ba. An naɗe shi da tabarma, an ɗora buhu, an ɗaure da igiya tamau.

"Wa ya yi wannan?"

Hadiza ta ce, "Mu munka yi. Mun ga rana tana dukan shi yana ta kuka, munka ce bari mu rufe shi kamar yadda aka rufe albasa, ko ya samu sauƙi."

Ban yi faɗa ba, ni da ba a san ni da haƙuri ba. Mutanen da suka tashi suna kare amfanin gona daga rana, me za su yi wa abin da suke tausayi in ba su rufe shi ba? Ba wanda ya taɓa shiga ya gaya musu cewa wannan abu numfashi yake yi. Na kwance igiyar. A bayan tabarmar, busasshen ɓawon albasa da fanka ta riƙa zuƙowa ya manne a koyil kamar an shafe shi da laka. Na kashe wuta, na ciccire da hannu, na bi haƙoran da burushi daga sama zuwa ƙasa don kada su lanƙwashe, na fesa ruwa har ya fara fita fari.

Sannan na yi sallama ɗakin. Zafin da ya tare ni a bakin ƙofa, ko gidan burodi sai haka. Hajiya tana kwance a katifa a ƙasa, an jiƙa zane an lulluɓa mata, wata tsohuwa tana yi mata fifita. Wuyanta da hannuwanta duk ƙuraje.

"Wa ya shigo?" in ji ta, da ƙyar.

Hadiza ta ce, "Mai gyara ce, Inna. Mace ce."

"Mace? To, alhamdu lillahi."

Na taka kujera na buɗe murfin na ciki. Ragar tace iska ta zama baƙa, koyil ɗin kuma ya yi danƙo da hayaƙin turaren wuta na shekaru, na tun kafin takaba. Na ɗaura leda a ƙasa don kada ruwan datti ya zubo mata, na fesa sabulu, na jira ya jiƙa, na ɗauraye. Na busa bututun da ke fitar da ruwa waje. Duk aikin, ciki da waje, bai kai tsakanin azahar da la'asar ba.

Na kunna. Can sai iskar ta fara sauka, tsohuwar nan ta ajiye maficin a hankali.

Hadiza ta ce, "Shi ke nan? Wannan ne duka?" Sai ta fita da sauri, na ji kukanta a tsakar gida.

Hajiya ta kira ni da hannu. Na durƙusa, ta riƙe yatsuna, hannunta kamar garwashi.

"Ɗiyata, ina kinka tsaya duk kwanakin nan?"

Na ce, "Ba a gaya mini ba, Hajiya."

Ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ce a cire mata jiƙaƙƙen zanen. Kafin in gama haɗa kayana ta yi barci. Tsohuwar ta ce rabon da ta ga ta yi barci haka tun kafin zafi ya kankama.

Ina sauka a tashar Jega ana kiran magariba Hadiza ta bugo waya. Barcin ke nan. Ba ta farka ba.

Ban ce zafi ne ya kashe ta ba, kuma kada wani ya ce na ce. Tana da ciwonta, lokacinta ya yi. Amma makonninta na ƙarshe a duniya ta yi su tana dahuwa a ɗaki, tana kiyaye abin da ta ɗauka tsakaninta da Ubangijinta, alhali maganin yana Jega, a bayan shago, yana wanke esin wasu. Mu masu wannan aiki mukan ɗauka inji muke yi wa hidima. Wanda ya tsaya a zaure bai ga inji ba, bai kuma ga wadda ke kwance a ƙarƙashinsa ba.

Washegari da sassafe na riga kowa zuwa shago. Malam Umaru ya iso, labari ya riga ya same shi.

Ya ce, "Asabe, ajali ne. Allah ya jiƙanta."

Na ce, "Amin. Ajali ba hannunka yake ba, Malam. Aikena kuwa a hannunka yake, ka hana."

Ya ce shi mutuncina yake karewa. Na ce mutuncina yana wurina, ban ba shi ajiya ba. Na ce daga yau duk gidan da aka ce maza ba sa shiga, ni za ni, ko a ina yake. In bai yarda ba ya faɗa yanzu. Ya ɗauki buta ya zagaya.

Na juya wurin Sani. "Wane gida kuma aka mayar da ku daga zaure?"

Ya dubi inda Malam ya bi, ya yi ƙasa da murya. "Akwai na wani malami a Maiyama, kusa da kasuwa. Matarsa tsohon ciki gare ta."

Na goya famfona na nufi tasha.